Edward Coles, Gwamnan da Ya Ƙi Cin Gadon Bayi

A shekarar 1808 wani attajirin manomi mai suna John Coles ya rasu a gandunsa na Enniscorthy, cikin gundumar Albemarle ta jihar Virginia a Amurka. Da aka zauna rabon gado, ɗansa Edward, saurayi ɗan shekara 21, ya tashi da gona mai eka 782 a bakin kogin Rockfish, haɗe da bayin da ke noma ta. A can, a wancan zamani, wannan ba abin ɗaga ido ba ne. Mutum yana shiga lissafin gado tare da dawaki da shanu da garma, a yi masa kuɗi, a rubuta sunansa a takarda, a ce wane ya faɗo a rabon wane. Abin da ya girgiza gidan shi ne maganar da Edward ya yi bayan an gama rabo. Ya ce shi ba zai riƙe ko mutum ɗaya daga cikinsu ba, 'yanta su zai yi.

Cikin gwamnonin farko na jihohin Amurka akwai waɗanda suka fi shi suna nesa ba kusa ba. George Clinton ya yi shekara 21 yana mulkin New York. Patrick Henry na Virginia in ya buɗe baki majalisa takan yi tsit. Edward Coles kuwa wa'adi ɗaya ya yi a Illinois, daga 1822 zuwa 1826, ba gwanin magana ba ne a gaban taro, kuma bai ƙara cin wani zaɓe ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Amma ni a wurina ya fi su abin dubawa, domin ya tashi a tsakiyar mutanen da suka fi kowa iya bayyana muninta bauta da alƙalami, shi kuwa ya ɗauki maganarsu da gaske har ya aikata ta, su kuma suka tsaya a faɗa.

An haife shi ranar 15 ga Disamba 1786. Gidansu ba ƙaramin gida ba ne. Thomas Jefferson, wanda ya rubuta takardar shelar 'yancin Amurka ta 1776, maƙwabcinsu ne, gandunsa na Monticello yana cikin gunduma ɗaya da nasu. Dolley, matar James Madison wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, 'yar'uwarsu ce ta jini. Wansa Isaac shi ne magatakardan Jefferson lokacin da yake shugaban ƙasa. Yaro irin wannan an riga an share masa hanya: ya yi karatu, ya gaji gandu, ya yi aure a gidan da ya dace, ya shiga majalisa, bayi suna noma masa taba.

A kwalejin William and Mary ne abin ya fara cin ransa. Shugaban kwalejin, Bishop James Madison, ɗan'uwan wancan Madison ɗin ne, kuma shi ke koyar da darasin ɗabi'a da haƙƙin ɗan Adam. Coles ya ba da labari daga baya cewa ya tambayi malamin nasa: idan gaskiya ne an halicci mutane daidai, kuma 'yanci haƙƙi ne da ba a ƙwace wa kowa, to da wace hujja wani zai mallaki wani? Bishop bai kare bauta ba. Ya yarda zalunci ce, sai dai ya ce abu ne da aka tarar, kuma fitar da shi yana da wuya. Wannan amsa ita ce amsar da kusan duk masu ilimin Virginia ke bayarwa, kuma ta ishe su kwana da ita. Coles ba ta ishe shi ba. Ya yanke wa kansa hukunci cewa abin da ba ka iya kare shi da hujja, ba ka da ikon ci gaba da cin moriyarsa.

Sai dai ya yi wani wayo da ya nuna cewa ba zafin ƙuruciya kaɗai ke ɗibarsa ba. Ya rufe bakinsa ruf har mahaifinsa ya rasu. Ya san in tsohon ya ji ƙishin-ƙishin, zai canza wasiyya ya ba shi kuɗi ko fili, ya raba bayin ga sauran 'ya'ya, shi ke nan sun dawwama. Don haka ya bari har suka shigo hannunsa a shari'ance, sannan ya faɗi abin da ke ransa.

Faɗar ta fi aikatawa sauƙi. Dokar Virginia ta 1806 ta ce duk bawan da aka 'yanta dole ya bar jihar cikin wata 12, in ba haka ba a sake kama shi a sayar. Ke nan 'yanta mutum a wurin daidai yake da korarsa daga garinsu, ya rabu da mata ko miji ko 'ya'yan da ke hannun wani ubangijin. 'Yan'uwan Coles suka taru a kansa, wannan ya ce zai tsiyata kansa, wancan ya ce zai zubar da mutuncin gida, wani ya ce ai bayin ma cutar su zai yi. Ya sa gonar a kasuwa, ba mai saye, domin ciniki ya mutu saboda rikicin Amurka da Ingila. Ana cikin haka Shugaba Madison ya kira shi ya zama magatakardansa. Ya karɓa, ya zauna a Washington daga 1810 zuwa 1815.

Ba zan ɓoye abin da ke damuna a nan ba. Daga ranar da ya gaji mutanen nan zuwa ranar da ya sake su, shekara 11 ce. Ga mai karatu layi ɗaya ne a takarda. Ga wanda ke cikin bauta kuwa, shekara 11 ta isa jaririn da aka haifa ya girma ya fara riƙe fartanya a gonar da ba tasa ba. Uzurorin Coles na gaske ne, amma yana jiransu ne a ɗakin baƙi na fadar shugaban ƙasa, su kuwa suna jira a kunyar taba. Duk wanda zai yabe shi, ya kamata ya riƙe wannan a hannu ɗaya.

A tsakiyar waɗannan shekaru, ranar 31 ga Yuli 1814, ya rubuta wa Jefferson wasiƙa. Saurayi ne ɗan shekara 27 yana rubuta wa dattijo ɗan shekara 71, wanda ya sauka daga mulki ya koma gida da kwarjinin da ba wanda ke da irinsa a ƙasar. Roƙonsa shi ne Jefferson ya fito fili ya jagoranci yunƙurin kawar da bauta a Virginia sannu a hankali, domin maganar da shi zai yi a saurara, wani in ya yi ta jifa zai sha. Ya kuma shaida masa cewa in haka ba ta samu ba, shi dai zai kwashi mutanensa ya bar jihar.

Amsar ta zo ranar 25 ga Agusta. Jefferson ya yaba masa, ya ce ra'ayinsu ɗaya, ya ce lokacin 'yanci yana tafe ko ba jima ko ba daɗe. Sannan ya zame. Ya ce shi ya tsufa, wannan aikin matasa ne, abin da ya rage masa sai addu'a. Ya ƙara da cewa mutanen da aka rena cikin bauta ba su iya kula da kansu, kamar yara suke. Daga ƙarshe ya shawarci Coles da kada ya bar Virginia, ya zauna ya riƙe bayinsa da kyautatawa, ya ciyar da su ya tufatar da su, ya yi ta faɗakarwa a hankali har ranar ta zo.

Na sha komawa kan wannan wasiƙa, kuma kullum abin da ke tsaya mini a rai shi ne taushinta. Babu zagi a ciki, babu musu. Irin maganar nan ce ta babba mai daɗin baki, wadda kan sa yaro ya ajiye abin da ya ɗauko yana jin kamar an karrama shi. Coles ya mayar da amsa cikin ladabi, amma bai sauka daga kan bakansa ba. Ya ce addu'a ba ita kaɗai ce makamin tsoho ba, ya kawo misalin Benjamin Franklin, wanda ya haura shekara 80 yana shugabantar ƙungiyar yaƙi da bauta a Pennsylvania. Jefferson bai sake cewa komai ba. Ya rasu ranar 4 ga Yuli 1826, wasiyyarsa ta 'yanta mutum 5 kacal, kuma a farkon 1827 aka yi gwanjon wasu 130 a Monticello don biyan bashinsa.

Bayan Coles ya bar aikin fada, ya yi tafiya zuwa yamma a 1815 yana neman inda zai sauke mutanensa. A 1816 Madison ya aike shi Rasha don sasanta wata taƙaddama da ta tashi saboda kama ƙaramin jakadan Rasha a Filadelfiya. A hanyar dawowa ya bi ta Ingila, inda ya haɗu da wani manomi mai ilimi, Morris Birkbeck, wanda shi ma yake shirin ƙaura zuwa Amurka. Wannan haɗuwa za ta yi rana daga baya. Coles ya sayar wa ɗan'uwansa gonar Rockfish, Shugaba James Monroe kuma ya naɗa shi mai rajistar filayen gwamnati a garin Edwardsville na Illinois.

A bazarar 1819 aka ɗaura kaya. Mutum 17 ne, manya 6 da yara 11. Coles ya sa su gaba a kekunan doki, ya damƙa ragamar tafiyar da kuɗin guzuri a hannun ɗaya daga cikinsu, Ralph Crawford, ba tare da wani farar fata mai tsaro ba. Masu yi masa dariya suka ce daga ranar ba zai ƙara ganin ƙeyarsu ba. Da ya biyo bayansu a kan doki, ya cim musu a hanya lafiya lau. A Brownsville ta Pennsylvania suka shiga jiragen ruwa na katako, irin masu shimfiɗaɗɗen gindi da ake barin ruwa ya ja, suka gangara kogin Monongahela zuwa Pittsburgh, daga nan suka faɗa kogin Ohio.

Har zuwa lokacin ba su san abin da ya ƙudura ba. Wata safiya ta Afrilu, bayan sun wuce Pittsburgh, an ɗaure jiragen gefe da gefe, ruwa yana tafiya da su a hankali, sai ya ce kowa ya fito sarari. Suka taru. Ya yi musu gajeriyar magana: daga yanzu su ba bayi ba ne, 'ya'ya ne kamar yadda shi yake ɗa, wanda ya ga dama ya ci gaba da tafiya tare da shi, wanda ya ga dama a tsaya a sauke shi a gaɓa. Shi da kansa ya rubuta abin da ya gani. Ya ce ba wanda ya yi magana. Suka dube shi, suka dubi juna, kamar ba su yarda da kunnuwansu ba. Can sai wata irin dariya ta kubce wa wasu, irin wadda ba ta da nisa da kuka, sannan hawaye, sannan godiya ga Allah da muryoyi masu rawa.

Abin da ya biyo baya ya fi taɓa ni. Ralph Crawford ya ce bai kamata ya sake su yanzu ba, sai sun yi masa aiki sun mayar masa da abin da ya kashe a tafiyar, sun kafa masa gona a sabon wuri. Sauran suka goyi bayansa, suka ce za su yi masa shekara guda kyauta. Mutanen da aka ci guminsu tun daga kakanni su ne ke lissafin kada shi ya yi asara. Coles ya ƙi. Ya ce musu kuma kowane magidanci zai samu fili eka 160 nasa na kansa, a matsayin wani abu daga haƙƙin aikin da suka yi a baya. Wannan shi ne amsarsa ga maganar Jefferson cewa ba za su iya riƙe kansu ba: a ba su ƙasa a gani. Kogin da suke kai shi ne iyaka, hagu Virginia ƙasar bauta, dama Ohio inda doka ta hana.

Suka isa Edwardsville a watan Mayu. Ranar 4 ga Yuli 1819 ya rubuta wa kowannensu takardar 'yanci da sunansa. Ralph Crawford bai daɗe yana cin moriyarta ba, zazzaɓi ya ɗauke shi kafin shekarar ta fita. Ɗan'uwansa Robert ya rayu, ya yi noma, ya zama mai wa'azi da ake ji da shi a yankin.

Illinois ɗin da suka tarar, sunanta kawai jihar 'yanci. Dokar 1787 da ta tsara yankin arewa maso yammacin kogin Ohio ta haramta bauta a sashenta na shida, amma an yi ta bi ta bayan gida. Tsofaffin Faransawa mazauna Kaskaskia da Cahokia an bar musu bayinsu. An ƙirƙiro wata takardar yarjejeniyar aiki da ake sa baƙar fata ya dangwala hannu a kai, ya yarda zai yi wa wane hidima shekara 30 ko 40, wani lokaci har 99, in ya ƙi a tsallaka da shi kogi a sayar. Kundin tsarin mulkin jihar na 1818 ya ba da izinin hayar bayi a wuraren dafa gishiri na kusa da Shawneetown har zuwa 1825. Ƙidayar 1820 ta sami bayi 917 cikin mutane kimanin 55,000. Ga kuma ɓarayin mutane da ke sace baƙaƙen fata 'yantattu su kai su kudu.

Ƙari a kan haka, tattalin arziki ya karye a 1819. Filaye suka faɗi, kuɗin takarda na bankin jiha ya zama abin ƙyama, manoma suka nutse a bashi. Suna zaune a ƙofar gida suna ganin attajiran Kentucky da Virginia suna ratsa jihar da ayarin bayi da shanu, sun nufi Missouri inda aka halatta bauta a 1820. Sai magana ta bazu cewa da Illinois ta buɗe ƙofa, waɗannan masu kuɗin nan za su tsaya su sayi fili, kowa ya fita daga ƙangi. Yawancin mazauna jihar a lokacin 'yan asalin kudu ne, don haka maganar ta sami kunnuwa.

A wannan yanayi Coles ya tsaya takarar gwamna a 1822. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: masu goyon bayan bauta suka rabu tsakanin alƙalai biyu na kotun ƙolin jiha, Joseph Phillips da Thomas Browne. Coles ya sami ƙuri'a 2,854, Phillips 2,687, Browne 2,443, Janar James Moore 622. Da ratar 167 ya ci, da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'un, majalisa kuma tana hannun abokan hamayyarsa. Wani ƙaramin abu da ya yi a makonnin farko ya nuna irin mutumin. Da ya ga jarida ta kira shi da laƙabin girmamawa irin na "Mai Girma", ya rubuta wa editocin yana roƙon su daina, ya ce tsarin mulki gwamna ya ce, kuma gwamna ya isa.

Mai lissafin siyasa a matsayinsa zai lallaɓa ne. Coles kuwa a jawabinsa na kama aiki, a Vandalia babban birnin jihar na lokacin, cikin Disamba 1822, bayan ya yi magana a kan gyaran kuɗi da haƙa mashigin ruwa tsakanin tafkin Michigan da kogin Illinois, sai ya nemi majalisa ta kawar da ragowar bauta, ta gyara dokokin da ke danne baƙaƙen fata, ta hukunta masu sace su. Ya tsokano tsuliyar dodo. Majalisa ta ce tun da gwamna ya ta da zancen, to a kira babban taro a sake rubuta tsarin mulki. Kowa ya san abin da ake nufi, a halatta bauta a fili.

Kafin a kai maganar gaban jama'a sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun amince. A majalisar dattawa sun samu. A majalisar wakilai mai mutum 36 suna bukatar 24. Ranar 11 ga Fabrairu 1823 aka kaɗa, suka sami 23, domin Nicholas Hansen na gundumar Pike, wanda suke lissafi da shi, ya juya ya ce a'a. Watanni biyu kafin nan majalisar da kanta ta saurari ƙarar zaɓe tsakanin Hansen da John Shaw, ta tabbatar wa Hansen kujerarsa. Washegari suka tono ƙarar da suka riga suka binne, suka tsige Hansen, suka ɗora Shaw, aka sake ƙuri'a, ta tashi 24 da 12. Da dare magoya bayansu suka fito da jiniyoyin wuta da ganguna da ƙahoni da gwangwanaye, suka bi gidajen 'yan adawa da masaukin gwamna suna ihu.

Wannan fashin kujera ya yi wa masu shi illa fiye da yadda suka zata. Mutane da yawa da ba ruwansu da halin da bawa ke ciki sun ga yadda aka murɗe doka a idonsu, suka tambayi kansu: waɗanda suka yi haka don samun taron, me za su yi in sun shiga taron?

Wata 18 aka yi ana fafatawa. Coles ya sadaukar da albashinsa na shekara huɗu gaba ɗaya, dala 4,000, ga yaƙin. Ya sa kuɗi aka karɓe jaridar Illinois Intelligencer daga hannun masu son taron. Ya rubuta wa Roberts Vaux, wani mabiyin ɗariƙar Quaker a Filadelfiya, aka riƙa bugo ƙasidu ana aiko su a ɓoye ta St. Louis, don kada a ce baƙi ne ke sa baki. John Mason Peck, mai wa'azin Baptist, ya bi ƙauyuka a kan doki yana kafa ƙungiyoyi. Hooper Warren, mai jaridar Edwardsville Spectator, ba ya ga-maciji da Coles, amma a kan wannan batu sun tsaya layi ɗaya. Morris Birkbeck, abokin nan na Ingila wanda ya zo ya kafa gari a gundumar Edwards, ya riƙa rubuta wasiƙu a jarida da sunan aro na Jonathan Freeman, da harshen talakan manomi.

Hujjar da ta fi cin kasuwa ba ta tausayi ba ce, kuma gara a faɗi haka. An nuna wa ƙaramin manomi farar fata cewa in bauta ta shigo, mai bayi 50 zai saye filin da ke gefensa, aikin hannu zai zama abin kunya, ladan ƙwadago zai faɗi, majalisa ta koma hannun masu gandu kamar yadda take a jihohin da suka baro. Wasu ma sun ƙi taron ne don ba su son ganin baƙar fata kusa da su, bawa ko ɗa. Coles ya yi amfani da hujjar aljihu don ya san ita ke motsa mutane, ko da yake abin da ya kawo shi Illinois daban ne.

Ranar 2 ga Agusta 1824 aka yi ƙuri'ar raba gardama. Masu son taro 4,972, masu ƙi 6,640. Daga ranar ba a sake yunƙurin mayar da Illinois jihar bauta ba. In mutum ya dubi taswira zai gane nauyin abin. Kudancin Illinois ya soke tsakanin Kentucky da Missouri, arewacinta ya kai tafkin Michigan. Da ta faɗa, da bauta ta sami hanya har bakin manyan tafkuna, kuma da lissafin kujerun majalisar dattawan ƙasa ya karkata. Shekara shida bayan ƙuri'ar, a 1830, wani talakan manomi mai suna Thomas Lincoln ya shigo jihar da iyalinsa, har da ɗansa Abraham. Daga baya tsohon ya zauna a gundumar da aka raɗa wa sunan Coles, kuma a babban garinta, Charleston, aka yi ɗaya daga cikin muhawarorin Abraham Lincoln da Stephen Douglas a 1858.

Coles ya biya kuɗin nasararsa tun kafin ta zo. A ƙarshen 1823 ginin majalisa a Vandalia ya ƙone, a daidai wannan lokaci kuma wuta ta cinye gine-ginen gonarsa da itatuwan da ya dasa kusa da Edwardsville. Sannan aka maka shi a kotu da sunan gundumar Madison. Laifinsa, wai ya shigo da bayi ya 'yanta su ba tare da ajiye lamunin dala 1,000 a kan kowane ɗaya ba, kamar yadda wata doka ta Maris 1819 ta tanada, dokar da ba a ma buga ta ba sai watanni bayan isowarsa. Aka ci shi tarar dala 2,000. Sabuwar majalisa ta yafe tarar a 1825, alƙali ya ƙi amincewa, sai da kotun ƙolin jiha ta wanke shi a 1826. Ya naɗa Birkbeck sakataren jiha, majalisar dattawa ta ƙi tabbatar da shi don ramuwa, kuma a watan Yuni 1825 Birkbeck ya nutse yana ƙetare kogi a kan doki. A shekarar ce kuma mataimakin gwamna, Adolphus Hubbard, ya yi amfani da wata tafiya da Coles ya yi zuwa gabas ya ce kujerar ta zama tasa, sai da kotu da majalisa suka ƙi shi.

Da wa'adinsa ya ƙare ya koma gona. A 1831 ya nemi kujerar majalisar wakilan ƙasa, ya sha kaye. Siyasa ta canza, zamanin Andrew Jackson ne na jam'iyya da gangami, shi kuwa ba ya cikin kowace tafiya, kuma har kullum ana yi masa kallon baƙo ɗan masu kuɗin Virginia. Ya tattara ya koma Filadelfiya, ya auri Sally Logan Roberts a 1833 yana da shekara 46, suka haifi 'ya'ya uku.

Akwai inda hangensa ya tsaya, kuma bai kamata a tsallake ba. Coles ya goyi bayan ƙungiyar nan da ke kwashe 'yantattun baƙaƙen fata zuwa Laberiya a Afirka ta Yamma. Mutumin da ya ga da idonsa yadda iyalin Crawford suka riƙe gonakinsu, ya kasa hango Amurkar da baƙi da fari za su zauna a matsayin 'yan ƙasa ɗaya. Yawancin baƙaƙen fatan Amurka sun ƙi wannan shiri, suna cewa a nan aka haife su, kuma guminsu ne ya gina ƙasar. Su ke da gaskiya. Jihar da ya ceta ma ba ta zama aljanna ba: sai a 1848 tsarin mulkinta ya rufe ƙofar bauta gaba ɗaya, a 1853 kuma ta yi dokar hana baƙar fata shigowa ya zauna.

Bai daina bin manyan Virginia da roƙo ba. Bayan tawayen bayi da Nat Turner ya jagoranta a 1831 ya ƙarfafa wa Thomas Jefferson Randolph, jikan Jefferson, gwiwa ya kai batun 'yanta bayi gaban majalisar Virginia. An yi muhawara a farkon 1832, aka kayar da batun. Ya daɗe yana lallashin tsohon maigidansa James Madison ya 'yanta nasa a wasiyya, har ya sakankance an yi. Da Madison ya rasu a 1836 aka buɗe wasiyya, sai ga shi ya bar wa Dolley su, daga baya kuma aka sayar da da yawansu. Wannan ya yi wa Coles ciwo ƙwarai, domin Madison kamar uba yake a wurinsa.

Ciwon da ya fi wannan daga cikin gidansa ya fito. Autansa Roberts ya taso yana zuwa hutu wurin dangi a Albemarle, ƙasar ta shiga ransa. Da ya girma ya koma can, ya sayi gona, ya mallaki bayi a yankin da ubansa ya bari don gudun wannan abu. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861 ya shiga rundunar Kudu, ya kai muƙamin kyaftin. An kashe shi a yaƙin tsibirin Roanoke ranar 8 ga Fabrairu 1862. Uban yana da shekara 75 a lokacin.

Ya rayu har ya ga an yi wa tsarin mulkin Amurka gyara na 13 wanda ya haramta bauta a duk ƙasar. Illinois ce jihar farko da ta amince da gyaran, ranar 1 ga Fabrairu 1865, kuma a cikin watan ne ta soke dokokinta na danne baƙaƙen fata, waɗanda Coles ya nemi a gyara tun 1822. Ya rasu a Filadelfiya ranar 7 ga Yuli 1868 yana da shekara 81, aka binne shi a maƙabartar Woodlands.